Kan Allurar Garmaho da Muryar Umma

Akwai wani direban tasi da 'yan gidansu suka laƙaba wa suna Garaje tun yana ƙarami, sunan kuma ya bi shi har tasha. Ba mugun mutum ba ne. Hannunsa a sake yake, kuma ba a taɓa jin ya wulaƙanta fasinja ba. Matsalarsa guda ce, ba ya iya jira.

A tsaye yake cin abinci. In makulli ya ƙi buɗe ƙofa, murɗawa yake yi da ƙarfi har ya karye a ciki. Ƙanwarsa, wadda kowa ke kira Auta, tela ce, kuma ta sha faɗa cewa rabin zif ɗin da take canzawa a shagonta na wandunan yayanta ne.

Mahaifiyarsu tsohuwar malamar firamare ce. Mutanen unguwa Malama suke ce mata, 'ya'yanta kuma Umma. Mace ce mai murya. In ta yi gyaran murya a tsakar gida, har yaran maƙwabta sai sun gyara zama.

Wata safiya ta yanke jiki ta faɗi a bakin banɗaki. Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Allah ya yi da sauran kwana, amma hannun dama da ƙafar dama suka daina motsi, magana kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Tana ji, tana gane mutane. Sai dai in ta buɗe baki, babu abin da ke fita sai iska. Daga nan sai ta runtse ido, hawaye na gangarawa ta gefen kunnenta.

Bayan an sallamo ta gida, sai wata sabuwar damuwa ta ɓullo. Umma ta fara ƙin abinci. In Auta ta kawo cokali bakinta, sai ta datse haƙora ta juya fuska bango. Tun tana karɓar shayi kaɗan, har shi ma ta daina.

Nas ɗin da ke zuwa duba ta a gida ba ta ɓoye musu komai ba. Ta ce in har ta dawo gobe da yamma ta tarar ba ta karɓi komai ba, dole a mayar da ita asibiti a sa mata tiyon abinci ta hanci. Umma na jin haka ta damƙe zanin gado da hannunta mai lafiya. Dukansu sun san yadda ta tsani tiyon nan tun kwanciyarta ta farko.

A bakin ƙofa nas ɗin ta rage murya, ta ce musu wani lokaci mutumin da magana ta ɗauke masa yakan motsa in ya ji waƙar da ya sani tun yana yaro. Ta ce ba alkawari ta yi musu ba, amma babu asara in sun gwada.

Suka kunna mata waƙoƙi iri-iri a waya. Ko gezau Umma ba ta yi ba.

Can sai Auta ta tuna da wani abu. Lokacin da Umma ke kwalejin horon malamai, ita da 'yan ajinsu sun taɓa rera waƙoƙin yara aka ɗauke su a faifai. Umma ce mai bayarwa, sauran na amshi. Faifan na nan a ƙasan akwatin ƙarfenta, naɗe cikin tsohon tawul, kuma iyakar saninsu babu wani irinsa a hannun kowa.

Garaje ya hau kujera ya sauko da garmahon marigayi babansu daga saman sif. Mai amfani da lantarki ne. Suka goge ƙurar, suka jona, sai ga farantin yana juyawa lafiya lau. Amma da suka duba bakin hannun da ke sauka kan faifai, sai suka ga kan allurar ya tsage, allurar ma babu ita.

Washegari da sassafe Garaje ya nufi kasuwa. Ya shiga shago ya fita, ya shiga ya fita, masu gyaran waya na yi masa dariya, har wani ya kwatanta masa wani dattijo mai gyaran rediyo a can ƙarshen layi.

Shagon ƙarami ne, cike da tsofaffin rediyoyi har rufi, ga warin dalma. Baba mai gyara ya saurare shi, ya daɗe yana lalube a cikin durowa, sannan ya fito da wani ɗan kwali. A ciki akwai sabon kan allura, bai fi gaɓar babban yatsa ba, da 'yan ƙusoshi biyu masu zare ƙanana kamar ƙwayar shinkafa.

Garaje ya roƙe shi ya biyo shi gida ya ɗaura. Sai Baba ya miƙo hannunsa na dama. Hannun rawa yake yi ba ƙaƙƙautawa.

"Ka ga abin da ya raba ni da ƙaramin aiki, ɗana," in ji shi. "In na taɓa, ɓarna zan yi maka. Kai za ka ɗaura."

Ya tambaye shi kamannin faifan. Garaje ya ce yana da nauyi, ana ganin ƙarfe a gefensa, kuma da hannu aka rubuta sunan waƙoƙin. Nan take fuskar Baba ta canza. Ya ce wannan ba irin faifan kasuwa ba ne. Farantin ƙarfe ne aka shafe da wani abu mai laushi, a cikin laushin nan muryar take. In allura ta yi nauyi ko ta karkace, nome shi za ta yi, kuma abin da ta kankare ba ya dawowa.

Ya ba shi wani ɗan kwali mai layuka, da ɗan sikeli kamar na masu sayar da zinare, da wani tsohon faifai da ya ce a fara gwaji da shi. Ya shiga yi masa bayani dalla-dalla. Garaje na cewa to, to, na gane, alhali ƙafarsa ɗaya tana waje. Da ƙyar ya tsaya ya karɓi lambar wayar dattijon.

Kafin hantsi ya yi nisa ya iso gida. Ya ɗora garmahon kan teburin falo, dab da ƙofar ɗakin Umma. Ya yage kwalin sabon kan, ya cire tsohon kai, ya cuccusa 'yan wayoyi huɗu da ke bakin hannun garmahon inda hannunsa ya kai, ya ɗaure ƙusoshin da sukundireban motarsa. Sannan ya miƙa hannu a ba shi faifan Umma.

Auta ta rungume faifan a ƙirjinta.

"Yaya, ina na gwajin da aka ba ka?"

"Ke, lokaci na tafiya. Miƙo."

"Wallahi ba zan miƙa ba sai na ji wancan ya yi waƙa."

Ya yi tsaki, ya ɗora tsohon faifan, ya kama hannun garmahon ya sake shi a kai.

Wata ƙara ta fito daga lasifikar kamar an ja ƙusa a kan kwano. Allurar ta zame daga bakin faifan ta yi tsalle har tsakiya. Daga ɗaki suka ji Umma ta yi wani nishi na firgita.

Garaje ya kashe na'urar. A kan baƙin faifan ga wani farin layi ya ratsa daga gefe zuwa tsakiya. Ya sa farce ya bi layin, ya ji zurfinsa. Ya ɗago ya dubi faifan da ke ƙirjin Auta. Sai ya zauna a ƙasa.

Auta ta mayar da faifan cikin tawul ɗinsa.

Garaje ya kira Baba mai gyara ya faɗa masa abin da ya faru. Dattijon bai yi faɗa ba. Ya ce a fara duba allurar, in siririn ƙarfen da ke riƙe da ita ya lanƙwashe, to magana ta ƙare, don ba shi da wani kan. Auta ta ɗauko gilashin da take zura zare da shi, ta durƙusa ta daɗe tana dubawa.

Ta ce a miƙe yake.

Baba ya ce Allah ya rufa asiri. Ya ce a mayar wa allurar ɗan murfinta, a kwance komai, a faro daga farko. Ya ce Garaje ya ajiye wayar a kan tebur a buɗe, shi ba inda za shi.

Ana cikin haka sai ga sallamar Kawu, ƙanin Umma. Mutum ne mai zafi, kuma duk duniya babu wanda yake ji da shi kamar yayarsa, don ita ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu. Ya leƙa ɗakin, ya ga yadda ta faɗa, idanu sun zurma, leɓe ya bushe. Ya fito rai a ɓace ya ce ba sai an jira nas ba, a ɗauko ta yanzu, motarsa na waje.

Da ya ga abin da ke kan tebur, sai ransa ya ƙara ɓaci.

"Uwarku na can yunwa na cin ta, ku kuna nan kuna wasa da tsohon ƙarfe?"

Maganar ta daki Garaje, don da jiya ne, shi ma abin da zai faɗa ke nan. Ya kusa miƙewa ya ce a tafi. Amma ya tuna yadda Umma ta damƙe zanin gado. Ya sunkuyar da kai ya roƙi Kawu ya ba su zuwa la'asar, in ba a dace ba shi da kansa zai ɗauke ta ya sa a mota.

Kawu ya ce ya ji, amma ko minti ba zai ƙara ba. Auta ta kawo masa kujera ya ƙi zama. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota.

Garaje ya wanke hannu, ya ajiye sukundireban mota, ya ɗauki ɗan ƙaramin da Auta ke gyara keken ɗinki da shi.

Aikin farko wayoyi ne. A bayan kan allurar akwai 'yan ƙafafu huɗu, kowace da ɗigon launi, ja da kore da fari da shuɗi, kuma kowace waya sai ta shiga ƙafar da ke da launinta. Da ya duba, ashe ɗazu biyu ya musanya. Abin da ya fi muni, garin cusawa da ƙarfi ya buɗe bakin jar wayar, yanzu da an sa ta sai ta zame.

Baba ya ce ya zura tsinken sakace a bakin wayar, ya matse shi a hankali da hantsaki har ya koma daidai. Ya gargaɗe shi cewa ƙarfen siriri ne, in ya ɓalle sai an yi masa dalma, kuma ba aikin yau ba ne.

Garaje ya dubi manyan yatsunsa, waɗanda suka saba da sitiyari da sifana. Ya miƙa wa Auta hantsakin. Ta girgiza kai, ta nuna masa hannunta. Rashin barci da kuka sun sa shi ma rawa yake yi.

Dole shi ya yi. Ya dafa gwiwar hannu a kan tebur, ya riƙe numfashi, ya matsa kaɗan. Ya gwada, ta zame. Ya ƙara matsawa kaɗan. Ya gwada, ta sake zamewa. Wani abu a ransa na ce masa ya damƙe kawai a wuce wurin. Ya ajiye hantsakin, ya goge tafin hannu a wando, ya sake ɗauka. A ƙarshe wayar ta shige ta kama.

Yana ɗaura kan a bakin hannun garmahon, ɗaya daga cikin 'yan ƙusoshin ya kuɓuce. Suka ji ɗan sautin faɗuwarsa a siminti, amma ba su ga inda ya yi ba.

Kawu ya ja dogon tsaki.

Garaje da Auta suka durƙusa suna shafa ƙasa da tafin hannu. Suka ɗaga tabarma, suka leƙa ƙarƙashin tebur da fitilar waya. Babu. Auta ta ruga ta ɗauko maganaɗisun da take tsince allurai da shi, ta riƙa jan sa a hankali a gefen bango. Can ƙarƙashin kujera suka ji ƙyas, ya manne.

Lokacin azahar ta wuce. Auta ta shiga ta sake gwada ba Umma shayi. Ta fito da kofin yadda ta shiga da shi.

Saura daidaita kan. Baba ya ce kada ya ɗaure ƙusoshin tamau tukuna. Ya zura kwalin nan mai layuka a ƙarfen tsakiyar faranti, ya cire murfin allura, ya saukar da ita a kan ɗigon farko, ya duba ko gefen kan ya bi layukan sak. Sannan ya kai ta ɗigo na biyu ya sake dubawa. Sai duka wuraren sun yi daidai za a ɗaure.

A nan Garaje ya ga ta kansa. In ya gyara a ɗigon farko, sai na biyu ya karkace. In ya gyara na biyu, sai na farko ya goce. Motsin da ake buƙata bai wuce kaurin silin gashi ba, shi kuwa da ya taɓa sai ya zarce. Iskar fanka na kaɗa hannun garmahon, dole aka kashe ta. Gumi ya riƙa ɗiga daga haɓarsa, Auta na tare shi da tsumma kada ya sauka kan na'urar.

Wayarsa ta riƙa nuna kiran 'yan tasha, wani fasinjansa na tafiyar nesa na jira. Bai ɗauka ba.

Da ƙyar layukan suka hau daidai. Ya ɗaure ƙusa ɗaya kaɗan, ya koma ɗayan kaɗan, kamar yadda Baba ya ce, don kada kan ya juya. Ya sake dubawa. Yana nan daram.

Kawu ya matso ya leƙa. Da ya ji ana maganar allura ta zame ɗazu saboda ba ta zauna sosai ba, sai ya laluba aljihu ya fito da wani tsohon kwabo. Ya ce a zamaninsu wannan suke ɗorawa a kan allura, ta zauna ko ta ƙi ko ta so. A ɗora a kunna, a daina ɓata lokaci.

Garaje ya dubi kwabon, ya dubi agogon bango. Inuwa ta fara tsawo a tsakar gida. Gaskiya zuciyarsa ta karkata. Har ya karɓa.

Daga wayar Baba ya ce, "Ɗana, da kwabon nan faifan zai yi waƙa, ba na musu. Amma wataƙila sau ɗaya zai yi ta."

Garaje ya mayar wa Kawu kwabonsa da hannu biyu, ya ba shi haƙuri. Kawu ya ce yaran yanzu ba sa jin magana, ya koma bakin ƙofa.

A bayan hannun garmahon akwai wani dunƙulen ƙarfe da ake murɗawa. Baba ya ce ya riƙa juya shi har hannun ya tsaya a iska shi kaɗai, bai yi sama ba, bai yi ƙasa ba. Garaje ya murɗa, hannun ya ɗaga. Ya mayar, ya nutse, sai da ya tare shi da yatsa kada allurar ta daki faranti. A hankali, a hankali, har hannun ya tsaya yana ɗan lilo kamar tsuntsu a kan waya.

Daga nan ya mayar da zoben lambobin da ke jikin dunƙulen kan sifili, ya murɗa dunƙulen zuwa giram biyu da aka rubuta a kwalin kan. Ya saukar da allurar a kan ɗan sikelin, ya ga ta ɗan haura. Ya rage, ya sake aunawa, ta yi daidai. Ya juya ɗan maɓallin da ke hana hannu zamewa ciki zuwa lamba daidai da ta nauyin.

Baba ya tambaya ko teburin a daidai yake. Auta ta ɗora kofin ruwa a kai, suka ga ruwan ya kwanta gefe guda. Suka ninke kwali suka cusa ƙarƙashin ƙafa ɗaya.

Ya juya tsohon faifan zuwa ɓangaren da bai karce ba. Wannan karon bai saki hannun ba, ɗan sandan da ke sauke shi a hankali ya ja. Allurar ta sauka, ta zauna. Kiɗa ya fito, amma tare da wani gurnani mai cika kunne.

Garaje ya ji kamar ya fashe da kuka. Baba ya ce ya kwantar da hankali, ya leƙa baya, akwai wata siririyar waya da ba a ɗaure ba. Ya same ta tana reto, ya ɗaure ta a ƙusarta. Gurnanin ya ɗauke. Kiɗan ya fito tas.

Daidai lokacin aka fara kiran la'asar. Kawu ya ce lokaci ya cika.

Garaje ya ce, "Kawu, don girman Allah, waƙa ɗaya."

Kawu ya tsaya cak inda yake.

Auta ta ja lasifikar har bakin gadon Umma. Ta warware tawul ɗin, ta share ƙurar faifan da burushi mai laushi, ta miƙa wa yayanta. Ya karɓe shi ta gefe-gefe. Baba ya ce su kunna wayar Auta ta naɗi sautin tun daga farko, don kada a yi ta wahalar da faifan nan gaba.

Garaje ya ce bismillah, ya ja sandan.

Da farko ƙaf-ƙaf kawai ake ji, kamar ruwan sama ya fara sauka a kan kwano. Sai wata yarinya ta yi gyaran murya. Auta ta toshe baki da hannu, don ko a cikin barci ta san wannan gyaran muryar.

Muryar ta tashi, siririya, mai ƙarfi:

"Gari ya waye, tsuntsu ya tashi,
Ku ɗauko allo, hanya da nisa."

'Yan mata suka amsa gaba ɗaya, "Hanya da nisa."

Idon kowa ya koma kan gado. Umma na kwance, fuska a bango. Ba ta motsa ba. Waƙar ta ci gaba, baiti bayan baiti, allurar na bin layinta ba tsalle ba gargada. Har waƙar ta ƙare Umma ba ta juyo ba.

Garaje ya ɗaga hannun garmahon. Ya ji duk wahalar yinin ta sauko masa a kafaɗa. Kawu ya share ido da sauri don kada a gani, ya ce to, an gwada, a ɗauko ta.

Garaje ya cika alkawari. Ya shiga ɗakin, ya sunkuya zai cicciɓe ta. Sai ya ji an riƙe masa riga. Hannunta mai lafiya ne. Ta sake shi, ta nuna lasifikar, ta bubbuga katifa.

Auta ta ce, "So take a maimaita."

Ta kunna abin da ta naɗa a waya, ta ajiye kusa da kunnen Umma. Yarinyar ta sake gyaran murya, ta sake bayarwa. Wannan karon Umma ta juyo da fuskarta. Leɓenta ya fara motsi. Da aka zo wurin amshi, wani sauti ya fito daga maƙoshinta, a dishe, a karkace, amma babu wanda bai gane shi ba.

"Hanya... da nisa."

Auta ta zube a gaban gadon. Garaje ya dafa bango. Baitin gaba ma Umma ta bi shi, tana cin wasu kalmomin, tana kama wasu, yatsanta na bugun katifa daidai da kiɗan kamar tana gaban aji.

Kawu na tsaye a bakin ƙofa, makulli a hannu, baki buɗe. Da waƙar ta ƙare, Umma ta ɗago ido ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta haɗa gira. Ta daɗe tana kokawa da harshenta.

"Zauna," in ji ta.

Dattijo mai furfura, wanda yini guda aka yi ana roƙonsa ya zauna ya ƙi, sai ga shi ya zauna a ƙasa nan take, ya naɗe ƙafa kamar ɗan aji ɗaya. Ya rufe fuska da babbar rigarsa, kafaɗunsa na girgiza.

Daga wayar da aka manta a kan tebur, Baba mai gyara ke tambaya ko lafiya, don ya ji shiru. Garaje ya ɗauka. Abin da ya iya cewa kawai shi ne ta yi magana, Baba, ta yi magana.

Da nas ta iso da yamma, ta tarar Auta na ba Umma shayi da cokali, waƙar na tashi ƙasa-ƙasa a gefen matashi. Ba da yawa ta sha ba, amma ta sha. Nas ta duba ta sosai, ta ce a bar maganar tiyo tukuna, a ga abin da gobe za ta yi.

Washegari ta ƙara kaɗan. A rana ta uku ta karɓi romo.

Maganar Umma ba ta dawo yadda take a da ba. Har yanzu kalma ɗaya-ɗaya take yi, wani lokaci sai ta rera abin da take so kafin ya fito. Hannun dama ma bai tashi ba. Amma tana ci, tana zama a kujera a tsakar gida da hantsi, kuma in jikoki suka cika ta da hayaniya, kallo ɗaya da kalma ɗaya sun ishe su.

Darasi: Ba kowane abu ake samu da ƙarfi da sauri ba. Akwai abubuwan da in ka ɓata su da gaggawar minti ɗaya, nadamar shekaru ba za ta dawo da su ba, ko faifai ne, ko zumunci, ko zuciyar wanda kake ƙauna. Lokacin da hankalinka ya fi tashi, kowa na cewa ka yi maza, a lokacin ne ka fi buƙatar ka zauna, ka saurari wanda ya sani, ka bi abin a sannu. Kuma kada ku yanke ƙauna da majinyacin da ya yi shiru, mai yiwuwa ƙofar da za ku same shi ce ba ku ƙwanƙwasa ba tukuna. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, musamman masu jinyar iyaye a gida. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.